Sauran Tuwon Mma Humu

Ni Sawudatu ba na shiga maganar addinin mutane. Kakana daga Kano ya zo ƙasar nan neman goro, ya ga Tamale ta yi masa, ya sauke kayansa a Aboabo. Abu biyu ya bar mana wasiyya: mu yi salla a kan lokaci, mu kama bakinmu a kasuwa. Na farkon na riƙe shi. Na biyun kuwa, sai dai Allah ya yafe mini.

Kayan miya nake sayarwa a bakin kasuwar Aboabo: daddawa, kuka, busasshiyar kuɓewa, kanwa, barkono. Rumfar da ke jikin tawa ta Lamisi ce, mai tuwon zafi da miyar ayoyo, wato lalo. Badagomba ce 'yar Gumani, doguwa, mai ƙarancin magana, irin matan nan da in sun ce a'a sau ɗaya ba sa ɓata yawunsu su sake faɗa. Kuma Kirista ce. Tun tana budurwa aka kai ta koyon ɗinki wajen wata mata a Sakasaka, matar ta riƙa tafiya da ita coci. Ɗinkin bai zauna mata ba, cocin ya zauna. Danginta sun yi surutunsu har sun gaji, tunda dai duk salla ita take fara isa gida da shinkafa da atamfar uwarta.

Ranar Lahadi Lamisi ba ta hura wuta, ko da duk direbobin yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku na garin nan, za su mutu da yunwa. Nakan tsokane ta in ce ranar da za ta musulunta ni zan yanka rago. Ita kuma sai ta ce, da Hausarta ta kasuwa wadda ba ruwanta da mace ko namiji, "Anti Sawuda, ranan da za ka zo coci, ni zan ba ka kujera na gaba." Mu yi dariya, in ƙara mata gyaran daddawa, ta zuba mini miya a kofi. Haka muka yi shekara da shekaru.

A daminar da nake ba da labari, mahaifiyarta, Mma Humu, ta yanke jiki ta faɗi a gonar gyaɗa. Aka kwashe ta zuwa babban asibiti, ta kwana biyu a can, aka sallamo ta da ƙwayoyi. Ɓarin jikinta na hagu ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Hannun dama kawai ya rage mata, da idanu. Likita ya ce hawan jini ne da shekaru.

Amma babban ɗanta, Afa Sumani, bai gamsu da likita ba. Shi ne mai gida a Gumani tun rasuwar ubansu. Manomi ne, ba mugun mutum ba, yana sallarsa biyar har da tabon salla a goshi. Sai dai a cikin gidan nan, daga ka wuce zaure ka juya dama, akwai wani ɗan tudun yumɓu da tsohuwar tukunya a kife a kansa, duk gashin kaji ya manne mata da busasshen jini. Gadon kakanni ne. Malaminmu na Aboabo yana da sunan da yake kiran irin wannan abu, ni ma ina da shi, amma na ce ba na shiga maganar addinin mutane.

Sumani ya tafi wajen baga, wato mai dubansu na gargajiya. Abin da baga ya faɗa ba sabo ba ne a gidan. Tun ranar da aka haifi Lamisi aka ce kakarta ce ta dawo, uwar Mma Humu. Shi ya sa tana ƙarama duk shekara akan ba ta farar kaza ta riƙe a kan tukunyar, a yanka, a ce tsohuwa ta ci. Tun da ta shiga coci ta daina. To yanzu baga ya ce tsohuwa ta gaji da yunwa, ita ce ta damƙe harshen 'yarta, kuma ba hannun da za ta karɓi kaza daga gare shi sai na Lamisi.

A kan kekensa Sumani ya zo kasuwa, da rana tsaka, mutane suna cin tuwo. Da Dagbanci suka yi maganar, amma wanda aka haifa a Aboabo ba a ɓoye masa zance da Dagbanci.

"Kaza ɗaya ce," in ji shi. "Ni zan yanka. Ke dai ki riƙe ƙafafunta a kan tukunya, ki kira sunan tsohuwa, ki ce ta saki harshen 'yarta. Kin yi kina yarinya, hannunki bai ƙone ba."

"Ina yarinya ban san komai ba, Yaya. Yanzu na sani. Ba na durƙusa wa tukunya, ba na roƙon matattu. Kaka ta mutu, tana hannun Allah. Ni Lamisi ce."

"Uwarki ce fa a kwance."

"Na sani. Ka bar ni in zo in yi jinyarta. In wanke ta, in juya ta, in kwana a ƙafafunta. Duk abin da ka ce zan yi, ban da wannan."

"Wannan kaɗai aka nema."

Ta ci gaba da kwasar tuwo da mara. Ya jira, ya jira, har wani mai cin tuwo ya ji kunya ya wanke hannu ya tashi.

"To ki ji," in ji Sumani. "Ranar da kika shirya riƙe kaza, zauren gidan ubanmu a buɗe yake. Kafin ranar, kada ƙafarki ta tsallake shi." Ya hau kekensa ya tafi.

Ni fa raina ya ɓaci, kuma da ita ya ɓaci, ba da shi ba. Na ce, "Haba Lamisi! Ƙafar kaza? Ki riƙe da hannu, zuciyarki tana wajen Allahnki. Wa zai leƙa cikinki ya gani? Minti nawa ne?"

Ta ɗago ta dube ni. "Kai za ka yi, Anti?"

Na koma rumfata na hau kwashe kuka daga wannan buhu zuwa wancan ba dalili.

Daga ranar abubuwa suka fara canzawa. Mutanen Gumani da ke zuwa kasuwa da doya da masara, waɗanda da ba sa komawa gida sai sun ci tuwonta, suka riƙa wucewa kansu a karkace. Wata ƙanwar ubanta ta tsaya a gaban rumfar ta tofar da yawu, ta ce a gaban jama'a wai ga wadda ta sayar da harshen uwarta ga Nasara. Lamisi ba ta tanka ba. Ni na tanka, kuma ba zan maimaita abin da na ce ba. A cocinsu ma ba a bar ta ta huta ba. Faston dai mutum ne mai hankali, ya yi mata addu'a, ya ce ta yi haƙuri. Amma wasu samari masu zafin kai suka ce a ba su izini su je da guduma su farfasa tukunyar da sunan Yesu. Ta ce musu ita ba tukunya take nema ba, uwarta take so ta gani, kuma duk wanda ya taɓa gidan ubanta da guduma ita zai fara tararwa a ƙofa.

Akwai littafinsu mai baƙin bango da take ajiyewa a ƙarƙashin benci, cikin leda saboda miya. Wata ranar da kasuwa ta yi sanyi na ga ta daɗe a kan shafi ɗaya. Ta ce mini a wurin nan aka ce kada a durƙusa wa abin da hannu ya gina, kuma ƙasa kaɗan, a shafin nan dai, aka ce a girmama uwa da uba. Ta ce da ba ta taɓa lura da kusancinsu ba. Ta mayar da shi cikin leda, ta ci gaba da tsinke ayoyo.

Labari ya zo mana cewa Mma Humu ba ta cin abinci. Duk abin da aka kai bakinta sai ta kawar da kai. Nan dabara ta faɗo wa Lamisi. An hana ƙafarta shiga, ba a ce komai a kan tuwonta ba. Ta sayo langa biyu masu murfi, ɗaya shuɗiya, ɗaya mai furanni. Ni kuma ina da babur, kuma ba wanda zai hana tsohuwar maƙwabciya Musulma ta kai wa mara lafiya abinci don Allah. Kullum da hantsi in ɗaure langa ɗaya a baya in nufi Gumani, in ajiye ta yau, in ɗauko ta jiya.

Mai jinyar tsohuwa ita ce Farhana, amaryar ɗan Sumani, yarinya 'yar zangon Sakasaka, mai Hausar kasuwa irin ta Lamisi, ko shekara ba ta yi a gidan ba. Kai, yarinyar nan ta samu tarbiyya. Har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni. Langar da zan ɗauka kuwa, kullum a wanke take tas, an goge ta da toka tana ƙyalli, kuma ba ta taɓa ba ni ita fanko ba. Yau gyaɗa cikin tafi, gobe ƙwan zabo, jibi ɗanyar kuɓewa. Haka uwarta ta koya mata, haka ni ma uwata ta koya mini: ba a mayar wa mutum kwanonsa da datti, ba a mayar da shi ba komai. Har na ce a raina da ina da ɗa namiji da irinta zan nema masa.

Ranar farko ina zaune a bakin tabarma Farhana ta buɗe langar. Mma Humu ta sa hannun damanta a hankali, ta gutsuri tuwo, ta dangwali miya, ta kai gefen bakin da ke aiki. Sai ta tsaya. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, hawaye ya gangaro mata ta ido ɗaya. Na ce da ƙarfi, don mutanen tsakar gida su ji, "Ni na dafa, Mma." Ita ta san ƙarya nake, ni ma na san ta sani. Wa zai ɓoye wa uwa hannun 'yar da ita ta koya wa tuƙin tuwo?

Tun daga nan ta koma cin abinci, amma na langar kawai. A hankali take ci, loma ɗaya ta huta, har la'asar, ni kuwa ga rumfa na bari, ba na iya jira. Duk sanda na tashi tafiya sai ta kama wuyan hannuna ta matse, ta nuna langar da haɓa, tana wani gurnani a maƙogwaro. In ce, "Eh Mma, ci ki ƙoshi, gobe ma zan kawo." Sai ta ƙara matsewa, ta sake nunawa. Na ɗauka godiya take yi.

In na dawo kasuwa, tun kafin in kashe babur Lamisi ta iso.

"Mma ya ci?"

"Ta ci."

Sai ta kwance langar, ta buɗe murfin, ta leƙa. Ta ga gyaɗa, ko ƙwai, da ƙarfe yana ƙyalli. Ta rufe. Kullum haka, kamar mai duba tarko. Ni har haushi abin yake ba ni. Mace ta samu uwarta tana cin abinci bayan an fid da rai, maimakon ta gode wa Allah sai ta riƙa ramewa. Wuyanta ya yi tsawo, waƙoƙin cocin da takan yi ƙasa-ƙasa in tana tuƙi duk suka ɗauke.

Masara ta fara bushewa a gona sanda na iso kasuwa wata safiya na tarar ba hayaƙi a rumfar Lamisi, kuma ba Lahadi ba ce. Tana zaune a kan benci da mayafi, a gabanta farar kaza ɗaure da tsumma a ƙafa.

"Anti, ka kai ni Gumani."

Na zauna kusa da ita. Na ce, "Me ya faru? Jikin ne?"

"Mma ya cire ni daga 'ya'yansa."

"Wace irin magana ce wannan? Matar da ko a'a ba ta iya cewa?"

Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba duk zamanmu. Ta ce Mma Humu tun da can ba mai yawan magana ba ce, ba ta iya lallashi da baki ba, ba ta iya faɗa da baki ba. Da kwano take magana. In ɗanta ya kawo mata abinci, sai ta ci ta rage loma ɗaya, ta mulmula ta, ta danna babban yatsa a tsakiya, ta ajiye a gefen kwano. Wanda ya kawo shi zai cinye. Ko da ta zane ka da safe, in ka ga lomarka da yamma, magana ta wuce. Amma in ranta ya ɓaci da gaske, sai ta cinye tas, ta suɗe kwanon, ta tura maka shi. Ta ce sau ɗaya ta taɓa ganin an yi wa wani haka fiye da kwana biyu, wani ɗan kishiyar uwarsu da ya saci akuya, kuma har ya bar garin bai sake ganin loma ba.

"Ko ranan da na faɗa masa na shiga coci," in ji Lamisi, "Mma ya yi kuka, ya juya mini baya. Da yamma na kai tuwo, na samu loma na. Yanzu tun damina, Anti. Ko sau ɗaya."

Na ce mara lafiya ce, yunwa ce, ta manta, hannu ɗaya gare ta. Na jero dalilai kamar mai tallan magani. Ta bar ni na gama, ta ɗauki kazar ta miƙe.

Muka tafi. Kazar tana cinyarta, tana ta kuka duk ramin da muka faɗa. Ni ban san abin da nake fata ba a hanyar nan. Ni ce na ce mata ta riƙe ƙafar kaza, ga shi za ta riƙe, amma raina bai so ba.

Da Sumani ya gan mu a ƙofar gida, ya ga abin da ke hannunta, sai fuskarsa ta saki. Wallahi na ga hawaye a idon mutumin nan. Ya ce, "Shigo, ƙanwata," ya aika aka kira dattawan gida biyu da ƙanwar uban nan mai tofar da yawu. Lamisi ta tsallake zaure. Ɗakin uwarta yana can ƙarshen tsakar gida, labule a sake. Ta tsaya tana kallonsa.

"Tukuna," in ji Sumani a hankali. "Nan za ki fara."

Aka kewaye tudun. Wani dattijo ya zuba ruwan gari a ƙasa yana kiran sunaye. Sumani ya wasa wuƙa a bakin turmi. Lamisi ta durƙusa a kan gwiwa ɗaya, ta kwance tsumman, ta riƙe ƙafafun kazar da hannu biyu, ta miƙa ta saitin tukunyar.

"Kira ta," in ji dattijon. "Ki ce, Kaka, ga naki, ki saki 'yarki."

Lamisi ta buɗe baki. Ina tsaye a bakin zaure ina kallo. Bakin ya daɗe a buɗe, ba abin da ya fito. Can sai ta sauke hannuwanta, ta ajiye kazar a ƙasa, ta sake ta. Kaza ta girgije, ta ruga bayan rumbu.

Ta miƙe tsaye, ta kakkaɓe gwiwarta. Ba ta ɗaga murya don faɗa ba, ta ɗaga ta ne don ta kai ƙarshen tsakar gida.

"Mma! Ni ce Lamisi. Na zo da kaza, na kasa. Allah ɗaya ne ya yi ki, shi ya yi ni, shi kaɗai zan roƙa, kuma kullum ina roƙonsa a kanki da sunan Yesu. In na kira wani a nan, ƙarya zan yi miki, ke kuma ba ki koya mini ƙarya ba. Ki yafe mini, Mma. In kin cire ni, kin cire ni. Tuwo dai ba zan daina aikowa ba."

Daga cikin ɗakin muka ji gurnanin nan, da ƙarfi, sau da yawa, da ƙarar ƙarfe kamar ana buga langa da ƙasa. Ƙanwar uban ta ce, "Kun ji ko? Tsine mata take yi." Lamisi ta yi taku biyu wajen ɗakin, Sumani ya sha gabanta, wuƙar tana hannunsa ya manta da ita.

"Kin tara mini dattawa don ki kunyata ni," in ji shi. "Fita. Ko gawarta ba za ki gani ba."

Ni ma ban tsira ba. Ya ce ya daɗe da sanin tuwon waye nake kawowa, ya yi shiru ne don tuwon kaɗai tsohuwa take ci. Langa za ta ci gaba da shiga, amma ni iyakata zaure. In ajiye a kan dakali, in ɗauki wadda aka ajiye mini, in kama gabana. Na so in tambayi Farhana maganar loman nan, amma daga ranar ban sake sa ta a ido ba. Langa dai kullum tana kan dakali, a wanke, da gyaɗarta.

A hanyar komawa Lamisi ba ta yi kuka ba. Ta kifa goshinta a bayana har muka iso Aboabo. Washegari ta hura wuta ta tuƙa tuwo. Ta daina buɗe murfi in na dawo, sai ta karɓa ta ajiye.

Ba a yi sati biyu ba, wata safiya na isa Gumani da langar shuɗiya na tarar da kekuna da babura a ƙofar gida, maza zaune a kan tabarmi. Mma Humu ta cika da asuba. Na juya na ɗauko Lamisi.

Ba ta nemi shiga ba. Akwai wata darbejiya daura da ƙofar gidan, ta zauna a kan saiwarta, ni ma na zauna. Ba wanda ya kore ta, ba wanda ya ce mata sannu. Da hantsi ya ɗaga aka fito da makara, aka wuce ta gabanmu. Ta miƙe tsaye, ta bi farin likkafanin da ido har suka sha kwana wajen gonakin masara. Iyakar ganin da ta yi wa uwarta ke nan tun ranar da aka sallamo ta daga asibiti.

Muna nan zaune sai ga Farhana ta fito, idanu a kumbure, da langar mai furanni a hannu. Ta durƙusa a gabana.

"Anti, ku yi haƙuri don Allah. Na jiya ne. Da rikicin rasuwan nan ban samu na wanke ba. Sauran da Mma ya bari ma yana ciki, ban zubar ba."

Lamisi ta juyo. "Wane saura?"

"Wanda yake bari kullum."

Lamisi ta karɓi langar ta buɗe. A gefe, jikin busasshiyar miya, ga loma ɗaya a mulmule, da ramin babban yatsa a tsakiyarta.

"Kullum?" in ji ta.

"Tun ranan farko," in ji Farhana. Ta fara tsorata da fuskar Lamisi. "Yana mulmulawa da hannu ɗaya, ya daɗe yana yi. In na zo ɗauka sai ya riƙe langan, yana nuna mini, yana nuna ƙofa. Na ɗauka so yake in ba kaji. Farin kazan nan da kuka bari ma ya saba, da ya gan ni da langa sai ya biyo ni. Anti, na yi laifi ne? Ai ba a mayar wa mutum kwano da sauran abinci."

Me za a ce? Yarinya ta yi abin da uwarta ta koya mata, kuma da ni ce a wurinta haka zan yi. Na tuna matsar da tsohuwa take yi wa wuyan hannuna, na tuna ƙarar langa a ƙasa ranar kazar, lokacin da aka ce tsinuwa ce. Na ji baƙin ciki irin wanda ba ka da wanda za ka ɗora wa. Mace tana kwance da hannu ɗaya tana aiko wa 'yarta amsa kowace rana, mu kuma muna wanke ta da toka.

Sai a lokacin Lamisi ta yi kuka, ba da ƙara ba, langar tana cinyarta. Da ta samu numfashi ta ce, "Anti, kazan nan, ko yau aka ba ni, ba zan riƙe ba. Ba shi ne yake ci na ba. Amma na yi fushi da Mma. Kullum in na kwanta ina cewa, ashe tukunya ya fi ni a wajensa. Da wannan fushi na bar shi ya tafi."

Maza suka fara dawowa daga maƙabarta. Sumani yana baya, jar ƙasa har gwiwar wandonsa. Da ya zo daidai darbejiyar ya ga ƙanwarsa sai ya ɗaure fuska zai wuce, idonsa ya faɗa cikin langar. Ya tsaya cak. Shi ma a kwanon nan ya girma, ba ya bukatar a fassara masa.

"Ta yaushe ce?" ya tambayi Farhana.

"Na jiya, Baba. Kullum ma yana bari."

Ya cire hularsa, ya mayar. Sannan ya ce, ba tare da ya dubi Lamisi ba, "Shiga ciki."

"Wa zan tarar, Yaya?"

Ta mayar da idonta kan lomar.

Tuwon ya kwana, ya yi tauri, daga inda nake ina jin tsaminsa. Lamisi ta rufe ido ta yi 'yar addu'arta kamar yadda take yi kafin kowane abinci, ta gutsura ta ci a hankali. Ba ta cinye ba. Ta rage kaɗan, ta mulmula shi, ta danna yatsa a tsakiya, ta ajiye a gefen langar. Ta miƙe ta ajiye langar a kan saiwa, dab da ƙafar wanta.

"Anti, mu je."

Na tada babur, ta hau. Da muka ɗan yi nisa na duba madubi. Sumani yana nan tsaye inda muka bar shi, kansa a sunkuye a kan langar, farar kazar kuma ta fito daga zaure tana tahowa da sauri. Muka sha kwanar gonaki, ban ga wanda ya riga kai wa ba.